Rasuwar Asana, Tayar Dama ta Keken Hajiya Fauzia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu dabam da ya tokare a ƙirji wanda za a zo kansa a gaba, iyalan Alhaji Gariba mai faci, mazauna Parkchester a Bronx, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan New York da na Kumasi da na Sekondi cewa Asana ta rasu. Asana ita ce tayar baya ta hannun dama a keken da Hajiya Fauzia, mai ɗakin Alhaji, take shiga yashin bakin teku da shi. Rai ya yi halinsa ranar Litinin, biyar ga Satumba, 2016, ana gab da azahar, a Orchard Beach, bayan gajeruwar rashin lafiya ta awa shida. Ta rasu tana cikin shekararta ta uku, tana bakin aiki, da uwar ɗakinta a kanta.

Wanda bai taɓa ganin marigayiya ba zai ce ai taya taya ce. To ba haka ba ne. Ita ba baƙa ba ce kamar ta mota, ba ta da zane a jiki, ba ta da tauri. Launin toka gare ta, ga ta ɓul-ɓul kamar ƙatuwar kabewa, in ka danna ta da yatsa sai ya lume. Duk sirrinta a wannan laushin yake. In ta hau yashi sai ta baje ciki ta kwanta a kansa, ta wuce sumul a inda keken asibiti yake kafewa tun a taku na biyu. Abincinta iska ce, ita ma 'yar kaɗan: uku a geji, wato ma'aunin iska, in an yi mata gata huɗu. Tayar mota tana shan talatin da wani abu. Duk tsawon rayuwarta ba a taɓa jin Asana ta nemi ƙari ba.

Ga yadda ta shigo gidan. Hajiya Fauzia 'yar zangon Sekondi ce, a bakin teku aka haife ta, uwarta mai bandar kifi ce, ita kuwa ta iya iyo tun kafin ta iya ɗaura zani. Aure ya kai ta Kumasi inda babu teku, sannan ya kawo ta Bronx inda akwai ruwa amma sai an shiga mota. Cikin hunturun 2012 ta yanke jiki ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bazarar da ta biyo baya an kai ta bakin ruwa a keken asibiti, aka ajiye ta a kan siminti, ta wuni tana hangen ruwa daga nesa, ta dawo gida ta yi kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Da shekara ta zagayo sai 'ya'yanta biyu, Abdul-Rahman mai tasi a filin jirgin sama na JFK da Abena ma'aikaciyar jinya, suka kawo keke mai tayoyi huɗu masu laushi. Ranar farko da ruwa ya taɓa ƙafarta ta yi wata dariya da aka manta tana da ita. A ranar ta raɗa wa tayoyin baya suna, ta ce tagwaye ne: ta dama Asana, ta hagu Fuseina, yadda ake kiran tagwaye a zango.

Duk wanda ya zauna da marigayiya ya shaide ta da haƙuri. Ta taka murfin kwalba, ta taka ƙashin kaza da gawayin masu gashin nama, ta taka ɓawon kaguwa, ba ta taɓa kai ƙara ba. Hunturu biyu ta yi a kusurwar falo bayan kujera, ba ta ce an manta da ita ba. Ba ta da surutu, maganarta ta yau da kullum uku ce, kuma har yanzu iyali suna jin su a kunne. A barandar bene tana cewa ƙii, ƙii, a hankali, kamar mai neman izinin wucewa. A kan yashi sai ta koma fuf, fuf, fuf. In an taɓa bawul ɗinta, bakin da take shan iska, ta ce tsss, gajere, shi ke nan. Ta ƙarshen kuwa, wadda ta yi ranar da ta rasu, duk Orchard Beach an ji ta.

Yanzu sai a zo kan abin da ya tokare a ƙirji.

Shekara arba'in da ɗaya Alhaji Gariba ya yi yana facin taya. Ya fara a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda ake koyon taya da kunne kafin a koye ta da ido. Tayoyin manyan motocin katako da na koko duk sun bi ta hannunsa. Ya zo Amurka ya ci gaba, shi da abokinsa Ishawu, a wani shago ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, har ciwon baya ya zaunar da shi. Ba ya tambayar taya lafiyarta. Babban yatsa yake dannawa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kasa kunne. In ta ce kwam, lafiya lau. In ta ce buf, akwai magana. Direbobin tasi sukan baro unguwar Queens takanas su zo don kunnen nan nasa. A wurinsa taya mai laushi taya ce mara lafiya, kuma barin mace a kan irinta abin kunya ne ga mijinta.

Tun da Hajiya ta kwanta, kowa ya samu abin yi a kanta sai shi. Wanka da shiri na mai jinyar da take zuwa da safe ne. Magani na Abena ne, ta jera shi a ɗan akwati mai ranakun mako, ta ce kada Daddy ya taɓa. Kaiwa asibiti na Abdul-Rahman ne. Ɗagawa likita ya hana shi saboda bayansa. Girki kuwa sau ɗaya ya gwada, ƙararrawar hayaƙi ta tara masa maƙwabta. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna gefen gado ya ce sannu, ya canza tasha a talabijin. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in da hannunsa ya wayi gari hannun ba shi da aiki. To ranar da aka shigo da kwalin keken nan, ya leƙa ya ga tayoyi har huɗu, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ransa, yau dai nawa aikin ya zo. Ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar sifanarsa daga ƙarƙashin gado.

Kafin ya dawo falo, Choji ya riga ya durƙusa gaban kwalin.

Alhaji ya so a rubuta "wani maƙwabci" a wuce wurin, Hajiya ta ce a sa sunan. Choji mutumin Filato ne, magidanci mai kimanin shekara hamsin, yana hawa na biyar a benen, su Alhaji suna na biyu. Aikinsa a asibiti gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, kuma tun da Hajiya ta kwanta yake saukowa sau biyu a mako yana motsa mata hannu da ƙafa don zumunci kawai. Shi ya gano akwai irin keken nan a duniya, shi ya nuna wa yaran. Ba ya fushi, ba ya gori, gaisuwarsa har ƙasa. Shekara huɗu Alhaji yana neman laifinsa ido rufe bai samu ba, kuma babu abin da ya fi wannan ɓata masa rai.

Choji ya haɗa keken, sannan ya fito da wata 'yar jaka shuɗiya. A ciki akwai famfon hannu wanda bai fi na ƙwallon yara ba, da wani ɗan geji da lambobinsa suka ƙare a goma sha biyar. Ya ɗan buga wa kowace taya iska, ya duba, ya miƙe. Alhaji ya sa babban yatsa ya danna Asana, yatsa ya lume.

"Wannan ai babu iska a ciki," in ji Alhaji.

"Haka ake so, Baba," Choji ya ce cikin ladabi. "Low pressure ne. Uku ya ishe shi. In ya yi tauri zai huda yashi ya nutse, in rana ta buga shi kuma zai iya fashewa."

Alhaji ya buɗe baki zai yi bayanin ko shi wane ne, sai Hajiya ta riga shi daga kan kujera.

"Alhaji, ka bar wa Choji. Shi ya san shi."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, hankalinta yana kan keken. Amma maganar ta shiga ta zauna, ta yi bazara uku ba ta fita ba. Sifana ta koma ƙarƙashin gado.

Kada mai karatu ya kai zuciyarsa nesa. Ba irin kishin da ake tsammani ba ne, Choji ƙane ne a wurin Hajiya, Mama yake ce mata. Kishin sana'a ne, kuma ya fi wancan ciwo, don ba a iya kai ƙararsa wurin kowa. Kowace Lahadi ta bazara, in an tashi daga coci, Choji zai sauko da shuɗiyar jakarsa, ya durƙusa, ya sa geji, tsss, ya ɗago ya ce, "Uku, Mama." Ita kuma ta ce, "Allah shi yi maka albarka, hannunka da sauƙi." Alhaji yana tsaye da tabarma da lema a hammata kamar ɗan rakiya. Tayoyi dubu nawa ya ba iska a rayuwarsa, ba a taɓa ce masa hannunsa da sauƙi ba.

Ita kanta marigayiya ba ta tsira ba. In an dawo daga ruwa Hajiya takan sauke hannunta mai lafiya, na dama, ta shafa Asana, ta ce a wanke mata gishiri. Takan tambayi ko an duba Asana kafin ta tambayi ko Alhaji ya ci abinci. Sau da yawa in ya bi ta bayan kujera yakan kai wa tayar ɗan shuri da gefen ƙafa, ba da ƙarfi ba, ita kuwa ta lotsa ta dawo ba ta ce komai ba. Yana son ta, don ita ta mayar wa matarsa da dariya. Yana kuma jin haushinta, don ta yi abin da ya kasa, kuma ta yi shi ne da iskar wani.

Ciwon ajali ya samo asali cikin Agustan bana. Likitan zuciya ya tara iyali ya yi musu magana a hankali, irin maganar da ake yi ana kallon takarda. Zuciyar Hajiya ta gaji. Bai ce komai a kan bazara mai zuwa ba, kowa kuma ya ji abin da bai faɗa ba. A mota Hajiya ta ce abu ɗaya take so: ranar hutun ma'aikata ta nan Amurka, a farkon Satumba, wadda daga ita ake naɗe harkar bakin ruwa sai wata shekara, a kai ta, a shigar da keken har ruwa ya rufe mata idon sawu. Alhaji ya ji, ya ƙudura a ransa cewa in dai wannan ce fita ta ƙarshe, matarsa ba za ta yi ta a kan sacacciyar taya ba. Ko sau ɗaya ne, za ta hau tayar da mijinta ya ba iska.

Ranar Litinin bayan sallar asuba ya zare tayoyin baya, ya loda tagwayen a keken kai wanki, ya tura su har shagon Ishawu. Ya sa musu gejin mota, allura ba ta ko motsa ba. Gejin mota ba ya jin abin da bai kai biyar ba. Wannan kuwa Alhaji ya sani sarai, amma ranar bai so ya sani ba.

"Ka gani?" ya ce wa Ishawu. "Sifiri. Bazara uku matata tana yawo a kan sifiri, ana ce mata uku."

Ishawu ya kunna injin iska ya miƙa tiyo. Asana ta sha, ta cika, ta fara sheƙi.

"Masta, abin nan yana kumbura fa," Ishawu ya ce, yana ja da baya. "Ban taɓa ganin irin shi ba. Ko mu kira mai shi?"

Da Ishawu ya faɗi komai ban da wannan, da wataƙila Asana tana raye.

"Wane ne mai shi?" in ji Alhaji. "Ƙara masa."

Aka ƙara har allura ta hau goma sha biyu. Alhaji ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa. Kwam. Aka yi wa Fuseina haka. Ya dawo gida yana tafiya kamar an rage masa shekara ashirin, ya mayar da tayoyin kafin Hajiya ta tashi, sannan ya buga wa hawa na biyar waya.

"Choji, ka huta yau, an duba komai. Ka taho daga baya, mu haɗu a can."

Abdul-Rahman ya kai su, ya ɗora uwarsa a keken, ya wuce JFK neman fasinja. A kan simintin da ya zagaye bakin ruwan sai ka ce Alhaji ne da gaskiya. Keke yana gudu da yatsa ɗaya, yana tsalle a kowace tsaga. Alhaji yana turawa yana rera wata tsohuwar waƙar makanikan Kumasi da ba a ji a bakinsa ba tun kafin ciwon. Hajiya ta ƙanƙame hannun kujera da hannunta na dama.

Suna sauka kan yashi magana ta canza. Fuf, fuf ɗin nan bai zo ba. Tagwayen sun yi tauri sun kasa baje ciki, sai suka shiga yanka yashi suna nutsewa. Alhaji ya sa ƙirji ya tura. Taku goma, ya tsaya ya huta. Taku goma kuma. Rana ta take, yashi ya ɗauki zafin da ba a taka shi babu takalmi, iskar da ke cikin tagwayen tana ta ƙara kumbura. Asana ta fara wani ɗan kuka, ƙiƙ, ƙiƙ, wanda in a tayar wani ya ji shi tuni zai ce a tsaya. Ya ci fiye da rabin hanya, jiƙe sharkaf da gumi, ruwa saura taku arba'in, sai ya ji murya daga baya. Choji ne ɗauke da kular ƙanƙara da kayan abinci, ya hango yadda tayoyin suka koma tun daga nesa, yana gudu cikin yashi.

"Baba, tsaya. Kar ka tura. Bari in rage iskan."

Bayan Alhaji ma tun ɗazu yake roƙon a tsaya. Amma da ya ji daga bakin wanda maganar ta fito, sai ya dafe keken, ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi, ya tura.

Asana ta ce daram.

A New York ba a tsayawa tambayar irin wannan ƙara daga ina take. Mutane suka zube a yashi, iyaye mata suka kife kan 'ya'yansu, tsuntsayen teku suka tashi gaba ɗaya, kiɗan da ake yi ya ɗauke. Keke ya karkata dama, Hajiya ta tafi za ta zame, Choji ya iso ya tare ta da kafaɗa, ya tura kular ƙanƙara ƙarƙashin ƙarfen keken ya tokare shi. Sannan ya zaro makullin motarsa ya danna bawul ɗin Fuseina, ta yi ta tsssss kamar ba za ta daina ba. Haka aka ceci ranta. Bai ce wa Alhaji ai na faɗa maka ba. Bai ko dube shi ba. Alhaji ya ce da ya zage shi a gaban jama'a da ya fi masa sauƙi.

Choji ya je neman keken aro irin wanda ake bai wa masu ziyara, ya tarar duk suna hannun mutane, ranar hutu ce. Ya dawo ya durƙusa gaban Hajiya.

"Mama, ba nisa. Zan iya ɗaukan ki in kai ki ruwa. Aikina ne, na saba."

Gaskiya ya faɗa, zai iya, kuma babu wanda zai ga laifi. Hajiya ta dubi ruwan, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo ta dubi mijinta, yana tsaye hannu a sake, yashi har gemu, ya kasa ɗaga ido.

"Na gode, Choji. Ka dai riƙe mini keken kar ya faɗi." Ta nuna wata roba cikin kayan abinci. "Alhaji, juye wannan, ka je ka kawo mini ruwan."

Alhaji mutumin Kumasi ne, shekara ashirin da biyar yana raka ta bakin ruwa bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba. Ranar ya shiga har gwiwa da wandonsa, ya cika roba, ya taho da ita hannu biyu, rabi ya zube a hanya. Ya durƙusa duk da bayansa, ya cire mata takalma.

"Kakra-kakra," ta ce masa da yaren Twi. "Kaɗan-kaɗan."

Ya zuba a hankali, ta lumshe ido. Ya koma. Sau goma sha ɗaya ya je ya dawo, mutanen da suka gama tsorata suna kallo, babu wanda ya yi dariya. A zuwa na ƙarshe, yana shafa mata ruwan a idon sawu, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tun a wurin ajiye motoci na san ka taɓa shi. Bayana ya gaya mini."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kana waƙa, Alhaji."

Kunya ta kama shi, da nadama, da wani irin son matar nan da ya manta nauyinsa. Ya kuma san abin da ita ma ta sani, cewa ruwan roba ba ya zuwa ya koma, ba ya jan yashi daga ƙarƙashin ƙafa, kuma ba shi ta roƙa ba. Gaskiya ta sa a rubuta cewa a cikin wannan hali duka ya lura robar ta gidan Choji ce, kuma abin ya sosa masa rai.

Da aka dawo da gawar gida Alhaji ya ce shi zai wanke ta. Yana goge yashin da ke gefen bawul sai yatsansa ya ji rubutu. Ya sa tabarau. Ga shi nan a jikinta tun daga inda aka ƙera ta, ƙanana amma a fili: biyu zuwa huɗu, kada a wuce. Bazara uku yana shurinta bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba, don a ganinsa mai faci na gaske ba ya karanta taya. Kwana biyu ya yi yana fama da yagar, wadda ta kai tsawon tafin hannu biyu. Ya gwada sholisho, ya gwada faci mai zafi da mai sanyi, jikin marigayiya ya ƙi karɓa, ashe ba irin robar mota ba ce. A rana ta uku ya ajiye kayan aiki ya ce a rubuta sanarwa.

Ta rasu ta bar 'yar uwar tagwaicinta Fuseina, wadda take kwance bayan kujera babu iska ko kaɗan, jiki ya ɗan saki amma ana sa ran za ta tashi. Ta bar ƙanne biyu, tayoyin gaba, Gambo da wata da ba a samu zarafin raɗa wa suna ba, su dai ba abin da ya same su don Alhaji ya raina su. Ta bar lema da tabarma, da kular ƙanƙara wadda ta riƙe mata gurbi na awa uku ba tare da ta taɓa koyon aikin ba. Ta bar Hajiya Fauzia, wadda ba ta yi kuka ba. Ta bar Alhaji Gariba, wanda ya yi, a banɗaki, da famfo a buɗe don kada a ji. Choji ya aiko da gaisuwar ta'aziyya da kwanon gwate na matarsa. An karɓa, an ci, Alhaji ya ƙara sau biyu ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Za a kai marigayiya makwancinta gobe Asabar da ƙarfe bakwai na safe, a ɗakin shara na ƙasan bene, cikin baƙar leda sabuwa. Liman ya ce ba a yi wa taya salla, an kuma yarda da maganarsa. Ishawu zai kama gefe ɗaya, don shi ma da hannunsa a ciki. Ba a buƙatar motoci, lif ya isa. Masu ta'aziyya su zo bayan la'asar. Ana roƙonsu kada su zo da shawara, kada kuma wanda ya taɓa aikin taya ya danna Fuseina da yatsa.

Abena ta aika a kawo wadda za ta gaje ta, za ta iso cikin mako biyu. An naɗe harkar bakin ruwa, amma yashi da ruwan suna nan inda suke, kuma Hajiya ta ce in aka samu rana ɗaya mai ɗumi kafin sanyi ya sauko, ba za ta jira bazara ba. Ta ce Alhaji ne zai ba sabuwar iska, shi zai tashi Fuseina, da hannunsa, uku a geji. Gejin da yake jin uku kuwa guda ɗaya ne a duk benen nan.

Saboda haka wanda ya zo gaisuwa bai tarar da Alhaji ba, ya zauna ya jira, bai yi nisa ba. Shekaranjiya ya hau hawa na biyar, ya tsaya gaban ƙofar Choji, ya dawo ya ce ba kowa. Jiya ma haka, alhali ana jin talabijin ɗinsu tun daga matakala. Yau da zai fita Hajiya ta kira shi.

"Alhaji, kwanakin ɗumi sun kusa ƙarewa, nawa kuma ban san adadinsu ba. Ka ƙwanƙwasa."

Ya hau tun da aka sauko daga Juma'a. Har aka gama rubuta wannan sanarwa bai sauko ba.